Yadda Ake Auna Ƙarfin Furosesar Kwamfuta Ba Tare da Dogaro da Gigahaz Kaɗai Ba

Na daɗe ina raka ɗalibai da 'yan uwa sayen kwamfuta a shagunan PZ da Sabon Gari a Zariya, wani lokaci kuma sai an riga an biya kuɗi sannan a kawo mini ita Samaru a ce in duba ko ciniki ya yi kyau. Hujjar mai saye kusan kullum ɗaya ce: an ce masa Core i7 ce, kuma gudunta ya kai gigahaz 3.5. Lambar gaskiya ce, sai dai abin da take faɗa game da aikin da kwamfutar za ta iya bai taka kara ya karya ba. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da nake bi in gwada furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta, in kuma kwatanta ta da wata, cikin kimanin minti arba'in.

Kayan da za ka tanada

Ka nemi filash da ba ka ajiye wani abu mai muhimmanci a ciki ba, domin za ka soka shi a kwamfutocin da ba ka san lafiyarsu ba. Tun daga gida ka zuba masa manhajoji huɗu, dukkansu kyauta ne, kuma ka sauko da su daga shafukan masu su: CPU-Z, wadda ke faɗin ainihin sunan furosesa da abin da ke cikinta, HWiNFO, wadda ke nuna zafi da gudu a lokacin da ake aiki, Cinebench R23, wadda ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi ta ba ta maki, sai 7-Zip, wadda aka fi sani da matse fayil amma tana da ma'auni a cikinta. Ukun farko suna da nau'in da ake buɗewa kai tsaye daga filash ba sai an girka ba, shi za ka ɗauko, saboda mai shago ba ya son a girka masa komai a kayan da bai sayar ba.

Bayan wannan kana buƙatar cajar kwamfutar ta asali, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar gwaji ba, ko ta NEPA ce ko ta janareta ko ta inbata. Ka riƙe takarda da biro, da agogon wayarka. Idan akwai wani aiki da kake yi kullum, misali zane a AutoCAD ko babban fayil na Excel ko bidiyon biki da kake tacewa, ka kwafi guda ɗaya ka sa a filash ɗin. Wannan fayil ya fi duk manhajojin da na lissafa daraja, za ka ga dalili a mataki na shida.

Ɗan abin da ya kamata ka fahimta tukuna

Gigahaz ɗaya na nufin agogon cikin furosesa yana bugawa sau biliyan ɗaya a daƙiƙa. Bai faɗi yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu ba. Ka ɗauki masu ga-ruwa biyu: ɗaya yana sawu goma a awa da jarka biyu a kafaɗa, ɗayan yana sawu shida da kura mai jarka goma. Wanda ya ƙirga sawu kawai zai ce na farko ya fi ƙwazo, alhali randar na biyu ce za ta riga cika. Sawu shi ne gigahaz, yawan jarka kuwa shi ne adadin umarnin da furosesa ke zartarwa a bugu ɗaya, abin da masana ke taƙaitawa da IPC, kuma ya danganta da ƙirar furosesar da zamaninta.

An ga wannan a fili tun tuni. A 2004 furosesar Pentium 4 ta kamfanin Intel ta kai gigahaz 3.8, amma da Intel ya fito da Core 2 Duo a 2006, samfurin E6600 mai gigahaz 2.4 ya bar ta a baya. Kafin nan ma kamfanin AMD, abokin hamayyar Intel, ya sa wa wata furosesarsa suna Athlon 64 3200+ alhali a gigahaz 2.0 take gudu, don ya nuna cewa aikinta ya yi daidai da na masu lamba mafi girma.

Sauran abubuwa uku su ne cibiya, da ma'ajiyar kusa, da zafi. Cibiya, wadda za ka ga an rubuta Cores a allo, ita ce yawan masu kurar da ke aiki a lokaci guda. Ma'ajiyar kusa, wadda masu gyara ke kira kash, ƙaramin rumbu ne a jikin furosesa da ke rage mata zuwa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, neman bayanai. A 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D mai megabait 96 na wannan rumbu, gudunta bai kai na 5800X mai megabait 32 ba, amma ta fi ta a yawancin wasannin kwamfuta. Zafi kuwa shi ne gajiyar mai kura, kuma a garinmu shi ne ya fi yanke hukunci.

Mataki na 1: Tabbatar da ainihin sunan furosesar

Kada ka yarda da sitikar da ke manne kusa da madannai, ana ɓamɓare ta daga wata kwamfuta a liƙa wa wata. Sunan da Windows ke nunawa a shafin bayanin kwamfuta ma ana iya sauya shi da hannu. Buɗe CPU-Z, domin ita daga jikin furosesar take karantowa, ka rubuta cikakken suna da lambarsa, da adadin Cores da Threads, wato layukan aikin da take ɗauka a lokaci guda, da girman kash ɗin da ke layin Level 3.

Cikakkiyar lambar ita ce magana. A i5-8250U, lamba 8 ta farko ita ce zamani, wato na takwas; daga zamani na goma lambobi biyu ne, kamar i5-10210U da i5-1135G7; idan kuma lambobin uku ne kacal bayan i3 ko i5 ko i7, kamar i5-520M, to tun ta wajajen 2010 ce. Harafin ƙarshe sau da yawa yana faɗin irin wutar da aka ƙera ta ta ci: U mai tsimin wuta ce, galibi wat 15, H kuma mai ƙarfi ce, galibi wat 45, wadda ake sa wa manyan kwamfutocin zane da wasanni.

Ga misalin da na fi cin karo da shi. Core i7-7500U tana da cibiya 2, gudunta na tushe 2.7, tana hawa har 3.5, kash ɗinta megabait 4. Core i5-8250U, wadda ta fito a 2017, gudunta na tushe 1.6 ne kawai, tana hawa 3.4, amma cibiyarta 4, kash ɗinta megabait 6. Ɗalibi zai ga i7 da 2.7 a gefe guda, i5 da 1.6 a ɗaya gefen, ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta farko, alhali a duk aikin da ke amfani da cibiyoyi da yawa ta biyun ta fi ta nesa ba kusa ba, a aikin cibiya ɗaya kuma kusan kunnen doki suke yi. Haka nan Celeron N4020 da ake tallata ta da gigahaz 2.8: wannan ƙololuwarta ce ta ɗan lokaci, tushenta 1.1 ne, kuma wat 6 aka ƙera ta ta ci. A ɓangaren AMD ma akwai irin wannan tarko, domin Ryzen 5 5500U da 5600U duka cibiya 6 gare su, lambobinsu maƙwabta ne, amma ƙirar ta farko Zen 2 ce, ta biyu Zen 3, wadda ta fi ta sabunta.

Idan mai shago ya hana ka soka filash, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka zaɓi CPU. A nan za ka ga gudun tushe da cibiyoyi da kash. Ka kuma sake kunna kwamfutar ka leƙa BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko sunan ya yi daidai da wanda Windows ya nuna.

Mataki na 2: Duba abin da ke kewaye da ita

A CPU-Z ɗin ka shiga shafin Memory ka dubi wurin da aka rubuta Channel. RAM sanda biyu masu aiki tare sun fi sanda ɗaya mai girman su biyun saurin kai wa furosesa bayanai, don haka kwamfuta mai sanda ɗaya za ta iya samun maki ƙasa da 'yar uwarta ba don laifin furosesa ba. Ka kuma duba ko faifan ajiyarta SSD ne, wato sabon nau'i mai sauri, ko tsohon faifai mai juyawa. Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini da kukan nawa, faifan ne ke tsaye a kashi 100 cikin 100 a Task Manager, furosesar kuwa tana zaune tana jira.

Mataki na 3: Daidaita yanayin gwaji

Nan ne mafi yawan masu farawa ke ɓata aikinsu, domin gwaji biyu da ba a yi su a yanayi ɗaya ba kwatanta su ɓata lokaci ne. Jona caja, saboda a kan batir kwamfuta na rage gudu da gangan. A saitin wuta na Windows zaɓi Best performance. Rufe burauza da duk manhajar da ke buɗe, ka kashe intanet don kada sabuntawar Windows ta fara saukowa a ɓoye, sannan ka jira minti biyar bayan kunnawa har ka ga aikin furosesa a Task Manager ya sauka ƙasa da kashi 5. Ɗora kwamfutar a kan tebur, kada a kan katifa ko darduma ko cinya, domin ta ƙasa yawancinsu ke shaƙar iska.

Caja tana da nata labarin. Wasu kwamfutocin suna tantance cajar da aka jona musu, idan ba su gane ta ba ko ƙarfinta bai kai ba sai su danne furosesa ƙasa da gigahaz ɗaya. An taɓa kawo mini wata da mai ita ya fid da rai da ita, yana shirin sayar da ita da asara. Da na duba sai na ga gudunta ya maƙale a 0.79 ko me ake yi. Cajar kasuwa ce aka haɗa masa da ita a shago. Muka aro ta asali daga maƙwabcinsa a hostel, nan take ta haura gigahaz 3. Saboda haka ka dubi wat ɗin da aka rubuta a jikin caja ka tabbata ya kai abin da kwamfutar ke nema.

Mataki na 4: Gajeren gwaji, cibiya ɗaya da cibiyoyi duka

A CPU-Z akwai shafin Bench. Danna Bench CPU, cikin ƙasa da minti ɗaya zai ba ka lamba biyu, ta cibiya ɗaya da ta dukkan cibiyoyi. Rubuta su duka biyun a layi dabam-dabam, kada ka haɗa su. Ka yi sau uku, ka ɗauki ta tsakiya.

Wace ce ta shafe ka a cikinsu? Buɗe shafukan intanet, da rubutu a Word, da yawancin abin da AutoCAD ke yi, sun fi jingina da ƙarfin cibiya ɗaya. Tace bidiyo, da fitar da hoton gini mai kama da na gaske, da matse manyan fayiloli, suna raba aiki ga duk cibiyoyin da suka samu. Tun 1967 Gene Amdahl ya yi bayanin iyakar wannan rabo: idan rabin aiki ne kaɗai ke rabuwa, ko cibiya dubu ka tara ba za ka wuce ninki biyu na sauri ba, domin ɗaya rabin dole cibiya ɗaya ta yi shi a jere. Wanda aikinsa rubutun digiri ne da SPSS bai kamata ya biya kuɗin cibiya takwas ba.

A kula da furosesocin Intel daga zamani na 12, wanda ya fara a 2021: da yawa daga cikinsu cibiyoyinsu iri biyu ne, manya masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta, saboda haka cibiya 10 a can na iya zama manya 2 da ƙanana 8.

Idan ba ka da CPU-Z, buɗe 7-Zip ka shiga Tools ka zaɓi Benchmark, ka bar shi ya zagaya sau da yawa, ka rubuta jimillar makin da ke ƙasa.

Mataki na 5: Dogon gwaji, inda gaskiya ke fitowa

Gajeren gwaji yana nuna abin da furosesa za ta iya tana da sanyi. Ƙololuwar gudun da ake rubutawa a talla aro ne na ɗan lokaci: furosesa na zarce wat ɗinta na ƙa'ida na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta koma abin da fankarta da ƙa'idar wutarta za su iya ɗauka. Wannan gudu na biyu shi ne wanda za ka zauna da shi shekara da shekaru.

Buɗe HWiNFO ka zaɓi Sensors-only, ka ajiye tagarta a gefe. Buɗe Cinebench R23 ka danna Start a gaban CPU Multi Core. An saita ta ta yi ta maimaita zane ɗaya har minti goma, kada ka gajarta. Yayin da take aiki ka sa ido a kan abu uku, kana rubuta su a minti na ɗaya, da na biyar, da na tara: gudun cibiyoyi, da zafinsu, da layin Thermal Throttling, wanda ke sauyawa daga No zuwa Yes idan zafi ya tilasta wa furosesa rage gudu. Yawancin furosesocin Intel na laftop iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyos.

Ga yadda nake fassara abin da na gani. Idan gudu ya ɗan sauka bayan minti na farko sannan ya tsaya cak a wuri ɗaya, zafi kuma yana tsakanin 75 da 85, wannan lafiya ce, ƙa'idar wuta ce ke aiki. Idan zafi ya manne a 95 zuwa sama, kalmar Yes ta bayyana, gudu kuma yana ta zamewa har ya faɗi ƙasa da na tushe, to sanyaya ta lalace. Idan ta mutu da kanta a tsakiyar gwaji, ka mayar wa mai ita ka yi sallama.

Lalacewar sanyaya ba kullum take nufin a fasa saye ba. Ƙurar hunturu tana toshe ragar da ke bayan fanka har ta zama kamar auduga, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya kuma yana bushewa bayan 'yan shekaru. Sa hannunka a bakin da iska ke fita: idan fanka na ihu amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi, toshewa ce, kuma mai gyara zai share ta ya sauya man da kuɗi kaɗan. Sai dai ka sa a yi wannan kafin ka biya, a sake gwajin a gabanka.

Ka kuma lura da ɗakin da kake. Shago mai na'urar sanyaya ɗaki yana ɓoye aibi, kwamfutar da ta yi kyau a can za ta iya shaƙewa a ɗakin kwano a Tudun Wada da azahar ɗin watan Afrilu. Haka gwajin da aka yi da sanyin safiyar Janairu ba a kwatanta shi da na bazara. Ni dai idan na ga zafi ya haura 90 a ɗaki mai sanyi, na san abin da zai faru a gida.

Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, makin ya ɓaci, a bar kwamfutar ta huce minti biyar a sake daga farko. Idan kuma babu Cinebench, maɓallin Stress CPU da ke shafin Bench na CPU-Z zai yi maka wannan aiki: bar shi minti goma kana kallon yadda lambar ke sauka.

Mataki na 6: Gwada ta da aikinka

Yanzu fito da fayil ɗin da ka zo da shi. Kwafe shi zuwa cikin kwamfutar tukuna, domin idan ka buɗe shi daga filash saurin filash ɗin kake aunawa. Ka sa ta yi ainihin abin da kake yi kullum, ka danna agogon waya, ka rubuta daƙiƙoƙin da ta ɗauka. Mai tace bidiyo zai iya girka HandBrake, ya juya bidiyo ɗaya na minti biyar da saitin Fast 1080p30 a kwamfutocin biyu. Wanda ba shi da manhajarsa a kusa ya matse babban kundi ɗaya da 7-Zip da saiti iri ɗaya. Idan sakamakon wannan mataki ya saɓa da makin Cinebench, ka bi wannan, tunda ba Cinebench za ka riƙa yi da kwamfutar ba.

Mataki na 7: Kwatanta lambobin

Raba babban maki da ƙarami. A ce ta farko ta samu 3,000 ta biyu 4,500, ta biyu ta ninka ta farko sau ɗaya da rabi. A gwajin agogo kuwa ƙaramar lamba ce ta yi nasara, kuma a nan ake yawan kuskuren lissafi: wadda ta gama a daƙiƙa 200 ta ninka mai 400 sauri sau biyu. Bambancin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba ni ba na ƙirga shi, domin kwamfuta ɗaya ma takan ba da irinsa tsakanin gwaji da gwaji, kuma hannunka ba zai ji shi ba. Daga nan sai ka sa farashi a gefe, ka ga ko ƙarin kuɗin ya yi daidai da ƙarin aikin.

Kada ka kwatanta makin manhaja ɗaya da na wata, ko na tsohon fitowa da sabo. Makin Cinebench R23 dabam yake da na Cinebench 2024, na Geekbench 5, wata manhajar gwajin, ma dabam da na Geekbench 6, don ma'aunin da aka gina su a kai ya sauya. Geekbench tana da kyau wajen kwatanta kwamfuta da waya, amma ta kyauta sai da intanet take nuna sakamako, shi ya sa ban sa ta a kayan shago ba.

Idan kwamfutar ba ta gabanka, misali daga Kano ko Legas za a aiko ta, nemi cikakkiyar lambar furosesar ka bincika ta a jadawalin PassMark ko na Geekbench. Makin da ke can matsakaicin na mutane da yawa ne, yana faɗa maka abin da samfurin ya saba yi, ba halin wadda za a aiko maka ba. Amfaninsa na biyu shi ne idan taka ta iso: in makinta ya gaza na jadawali da kashi 20 ko fiye, koma mataki na 2 da na 3 da na 5, matsalar tana ɗaya daga cikinsu.

Kafin ka miƙa kuɗi ka sake duban lambar zamani, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zamani na 8 na Intel yake karɓa, ban da 'yan ƙalilan, wanda ke nufin i7-7500U ɗin nan ba ta cikin jerin. Ka kuma nemi mai shago ya rubuta maka kwanakin da za ka iya dawo da ita a rasit, ka maimaita mataki na 5 a ɗakinka da tsakar rana tun kwanakin ba su cika ba, ka ajiye takardar makin a jakar kwamfutar don ka gwada da ita bayan hunturu mai zuwa.